Ɓawon ƙwai, bagaruwa da binciken da ke ƙarewa bisa kanta

Ɗiyar yayana ta kwashe kusan wata uku tana bin masu shayi tun daga Mabera har Gawon Nama a cikin garin Sakkwato tana roƙon ɓawon ƙwai, har wani ya ce mata Hajiya dai ba asiri za a yi muna ba ko? Digiri na biyu take yi a injiniyancin sinadarai. Ta wanke ɓawon ta shanya ta daka a turmin gida, sannan ta kai shi lab a gasa a zafin da ya kai digiri 900 har ya koma farar ƙasa mai ƙarfi, da ita ake juya man darbejiya da wani sinadari da ake kira metanol su zama man dizil.

Wanga gari da take samu shi ake kira katalis. In kana son gane shi ka tafi Kara ka kalli dillali, ya haɗa mai saye da mai saisuwa ciniki ya faɗa, shi kuma yana nan bai ragu da komi ba sai ya nufi sa na gaba. A hanyar da anka saba soda ake zubawa, ita kuwa narkewa take cikin man sai an wanke ta da ruwa mai yawa an zubar, garin ɓawon ƙwai ko tacewa ake a sake aiki da shi.

Kada wani ya ɗauka wasan yara ne. Takin yuriya da muke rububi duk damina daga ammoniya yake fitowa, ita kuma da katalis na ƙarfe ake yinta tun masana'antar farko da Carl Bosch ya tayar a Jamus a 1913 bisa aikin Fritz Haber, kuma har yau tana lashe kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. A 1998 Paul Anastas da John Warner sunka jera ƙa'idoji 12 na yin sinadarai ba tare da ɓata muhalli ba. Ni dai dariya ta kama ni da ɗiyar yayan nawa ta karanto min su, don majemanmu da ke jeme fatar jar akuya da bagaruwa maimakon gubar kuromiyam sun daɗe a wannan layi, takarda ce kawai ba su da ita.

To ina matsalar? Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Cibiyar binciken makamashi tana jami'ar Ɗanfodiyo tun 1982, a ABU Zariya an yi katalis na tace mai da farar ƙasar Ƙanƙara, ga dutsen siminti a Kalambaina ga fosfet a yankin Dange. Inda aikin ke mutuwa shi ne tsakanin kwalbar gwaji da ganga. Yarinyar nan rabin lita ta taɓa haɗawa, shi ma sau biyu wuta na ɗaukewa tanderu na tsakiyar aiki, samfurin kuma sai da ta ba direba a tasha ya kai wata jiha aka auna mata da kuɗin aljihunta.

Wani zai ce ai gasa abu a digiri 900 shi ma cin wuta ne, kuma wa ya ce dizil ɗin zai fi na gidan mai araha? Tambaya ce mai kyau wallahi, amma ba a amsa ta da rabin lita, sai an gina ɗan ƙaramin injin gwaji an yi ganga goma ashirin an buga lissafi. Nan ne nake ganin attajiranmu da gwamnatin jiha ya kamata su sa hannu, kuɗin bai kai na jerin motocin kamfe guda ba, jami'o'i kuma su daina auna malami da yawan takardun da ya buga kaɗai.

Ita dai yanzu ta fara cika fom ɗin neman gurbin digiri na uku a Malesiya, buhun ɓawon da ya rage yana nan bayan ɗakin girki uwarta na ta faɗa a kwashe shi.