Robar ƙirga motoci da gosulon Kasuwa

Wata safiya na fito zan tafi aiki a nan Leicester ta ƙasar Ingila, sai na ga an shimfiɗa wasu baƙaƙen robobi guda biyu kamar tiyon ban ruwa, sun ratsa kwalta daga wannan gefe zuwa wancan. An kafe su da ƙusa, ƙarshensu ya shige wani ɗan akwati da aka ɗaure da sarƙa a jikin falwaya. Wallahi da farko na ɗauka wani ne ke jan wuta ta bayan fage. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin hanya, ya ce ƙirga motoci ake yi. Duk tayar da ta taka robar, iska ce ke bugawa cikin akwatin ya rubuta, tazarar da ke tsakanin robobin biyu kuma ita ke nuna gudun motar. Mako guda za su yi a wurin, wai don mutanen unguwa sun yi ƙorafin danjar mahaɗarmu tana tsayar da su fiye da kima.

Ya zauna ya yi min karatu. Layi ɗaya, in danja ta ba da hannu, mota ɗaya ke wucewa duk bayan kamar daƙiƙa 2, wato wajen 1,800 a awa in da koren bai ɗauke ba. Bas ana lissafa ta a matsayin mota 2, babur bai kai rabin mota ba. Tun 1958 wani injiniyansu mai suna Webster ya fitar da lissafin tsawon jira a danja. Amurkawa kuma maki suke ba mahaɗa, daga A zuwa F, jira ya haura daƙiƙa 80 ta faɗi warwas.

Sai ya tambaye ni, a garinku daƙiƙa nawa ne?

Tambayar ta yi min zafi, don dariya na yi na kasa amsawa. Gaskiya tsarinsu ya burge ni, kuma mu ma a Kaduna an yi aiki: gadar Kawo da aka sake, da hanyar ƙasa ta Leventis, sun rage wahala. Amma a kawo robar nan bakin Kasuwa, wato babbar kasuwar Kaduna, da ƙarfe 5 na yamma mu gani. Wane layi za ta ƙirga, alhali inda aka zana biyu mu huɗu muke yi? Keke Napep ɗaya da ta kwaso mutum huɗu da buhun masara, rabin mota ce ko mota biyu? A nan Leicester kowa shi kaɗai ne a motarsa, gilashi a rufe, ga kujeru huɗu babu kowa. In mutane za a ƙirga maimakon ƙarfe, ban yarda titin Ahmadu Bello zai sha kaye a hannunsu ba, ko da kuwa sun ba shi F ɗin.

Kuma jiran nasu shiru ne kamar zaman makoki. Shekara shida ina tsayawa a danjar nan, ko sannu ba wanda ya taɓa ce min. A gosulon Kasuwa na sayi rake, na sayi cajar waya, na taɓa haɗuwa da abokin firamare ta taga har muka yi musayar lamba.

Da daddare na kira ƙanena, yana maƙale wajen Stadium zai koma Barnawa, yana ta mita. Na ce masa kada ya kashe wayar, ya bar ni in ji hon ɗin. Minti ashirin muka yi a haka, ya ce Yaya kuɗin katinka ne, ni babu ruwana.