Shekara goma kana zuwa Ikko baka taɓa ganin teku ba

Akwai abinda yake damuna da mu ƴan arewa masu zuwa Legas. Mutum zai yi shekara da shekaru yana kawo tumatir Mile 12 ko raguna Alaba Rago, ya sauke kaya ya karɓi kuɗinsa ya kwana a Agege gari na wayewa ya hau mota sai gida, in kace masa ka taɓa ganin teku sai yace ai yana hango shi daga kan gadar Third Mainland. Malam wannan ruwan lagun ne, wato tafkin Legas, tekun yana can gaba.

Nima haka nake fa, sai bara wani abokina ya ja ni dole muka je Lekki Conservation Centre. Daji ne sosai mai hekta 78 a tsakiyar gidajen masu kuɗi, tun 1990 aka keɓe shi, ga birai ko'ina basa tsoron mutum, ɗaya ya fizge biskit a hannuna ina kallo ya hau bishiya yana ɓare ledar. Akwai wata gadar igiya a saman bishiyoyi tsawonta mita 401, tana lilo kana tafiya, ni da nake cika baki a ƙasa ina kaiwa tsakiya ba abinda ke fita bakina sai innalillahi.

Amma inda ya tsaya min a rai Badagry ne. Mutane suna zuwa ɗaukar hoto a gidan benen nan na 1845 da ake kira bene na farko a Najeriya, ni kuwa gidan ajiye bayi na Seriki Abass ne ya kashe min jiki, ƴan ɗakuna ƙanana masu duhu, ga sarƙoƙin ƙarfe an ajiye, na ɗaga ɗaya da hannu biyu naji nauyinta. Daga nan sai ka shiga kwale-kwale ka tsallaka tsibirin Gberefu ka taka a ƙasa cikin rairayi da rana, ka wuce rijiyar da ake cewa bayi na shan ruwanta, har ka iso bakin tekun da in an kai mutum shikenan babu dawowa. Kuma kar wani yace wannan tarihin kudu ne. Cikin waɗanda aka loda a jiragen ruwa daga wannan gaɓa akwai Hausawa, har Bahia ta ƙasar Brazil aka kai su, suna cikin bayi musulmi da suka yi tawaye a can a 1835 cikin watan azumi. Ina tsaye igiyar ruwa na dukan ƙafata ina tunanin wani ƙila daga Katsina ko Zazzau aka kamo shi, bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba.

Hanyar Badagry akwai goslo, ka fita da asuba. Kuma don Allah tekun nan ba kududdufin unguwa bane, yana ja, in baka iya ruwa ba ka tsaya iya idon sawu ka sha ruwan kwakwarka.

In ma duk wannan yayi maka nisa, gidan tarihi na ƙasa yana nan Onikan, motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye da ramukan harsashi a jikinta. Ɗan Kano ne fa. Na tambayi mutum biyar a rumfarmu, ba wanda ya taɓa zuwa.