Daren da na kalli System of a Down a dandalin Yerevan

Duk lokacin da na kunna waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna System of a Down a mota, sai wani cikin abokaina ya ce in rage wannan hayaniya, wai babu abin da yake ji sai ihu da ƙarar jita. Ba na ganin laifinsu, domin ni kaina kallon da nake yi wa irin wannan kiɗa mai tsananin ƙara da ake kira metal ke nan har zuwa ranar 23 ga Afrilu, 2015.

A lokacin ina karatu a Tbilisi, babban birnin Jojiya, sai wani abokin karatuna ɗan asalin Armeniya ya nace lallai sai na raka shi Yerevan, babban birnin ƙasarsu, mu kalli wasan ƙungiyar. Mun shafe kusan awa shida a cikin ƙaramar bas muna ratsa duwatsu, shi kuwa bakinsa bai huta ba. A hanya ya faɗa mini cewa mawaƙan nan huɗu, Serj Tankian da Daron Malakian da Shavo Odadjian da John Dolmayan, dukkansu jinin Armeniya ne, an kafa ƙungiyarsu a Kalifoniya a 1994, amma ba su taɓa yin wasa tare a ƙasar kakanninsu ba sai wannan dare. Sun zaɓi jajibirin cika shekara 100 da fara kisan da aka yi wa Armeniyawa a Daular Usmaniyya a 1915, wanda Armeniyawa ke cewa ya ci rayuka kusan miliyan 1.5, Turkiyya kuwa har yau ba ta yarda a kira shi kisan ƙare dangi ba.

Wasan kyauta ne, kuma babban dandalin birnin ya cika ba masaka tsinke. Na yi zaton samari kawai zan tarar, sai ga tsofaffin mata riƙe da laima, da magidanta da 'ya'yansu a wuya, da yawansu sun maƙala ɗan fure mai ruwan shunayya a ƙirji, alamar tunawa da waɗanda suka mutu. Ruwa ya sauko, ya jiƙa mu sharkaf, amma ban ga wanda ya juya ba. Da aka buga gangar farko, a ƙirjina na ji ta kafin ta isa kunnena. Muryar Serj kuma takan sauka ta koma kamar raɗa, ta tashi ta zama kururuwa, sannan ta karkata zuwa wani amo mai kama da na Gabas ta Tsakiya, duk a cikin waƙa ɗaya. Kusa da ni akwai wani dattijo da ba ya bin baitocin da baki ko kaɗan. Ya dafa kafaɗar jikansa kawai, hawaye na gauraya da ruwan sama a fuskarsa, haka ya tsaya fiye da awa biyu.

Na san abin da masu suka ke faɗa, cewa tun 2005 ƙungiyar ba ta fitar da cikakken kundi ba, tana cin guminta na dā ne kawai, kuma saɓanin da ke tsakanin mambobinta ba ɓoyayye ba ne. Duk wannan gaskiya ne, amma ban yarda cewa ya rage darajar wasansu ba. Waƙar da mutane suka rayu da ita shekara goma sha biyar tana da nauyin da sabuwa ba ta da shi, kuma mawaƙan da suka daɗe tare suna gane juna da ido, ba sai an yi magana ba. Mafi muhimmanci a wurina, mutane ba adadi a duniya ba a aji suka fara jin labarin 1915 ba, a bakin waɗannan mutum huɗu suka ji. Kakan Serj yana cikin waɗanda suka tsira, saboda haka ihun da abokaina ke kira hayaniya ba na ado ba ne, kukan gida ne.

Washegari da safe muka bi sahun jama'a muka hau tudun Tsitsernakaberd, inda aka gina wurin tunawa da mamatan. Takalmana ba su bushe ba, kunnuwana kuma ba su daina ƙara ba. Abokina ya ajiye furensa a gefen wutar da ba ta mutuwa, ya ambaci sunan garin da kakanninsa suka baro, sannan ya miƙo mini fure ɗaya ya ce ni ma in ajiye.