Kaurin kwalta ba da ido ake yanke shi ba

A unguwarmu da ke Agege an sake wa wani titi kwalta ana dab da faɗuwar damina, kuma na tsaya na kalli aikin da idona. An share ƙura, aka malala sabuwar kwalta wadda kaurinta bai kai yatsu biyu ba a kan tsohuwar da ta riga ta tsattsage kamar bayan kada. Kafin ruwa ya ɗauke, kowace tsaga ta sake bullowa a daidai inda take.

Ra'ayina shi ne, gyaran tsohuwar hanya ya fi gina sabuwa bukatar bincike, domin injiniya gadon abin da wani ya binne yake yi. Wajibi ne ya haƙa ramuka ya ga kaurin tsakuwa da jar ƙasar da ke ciki, ya auna yadda titin ke lotsawa idan mota mai kaya ta taka shi, sannan ya gwada ƙarfin ƙasar bayan an jiƙa ta kwana huɗu a ruwa. Wannan jiƙon ba ƙaramin abu ba ne a Legas, garin da fadama ta yi yawa a cikinsa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana kusa da saman ƙasa. Idan gindin ya ruɓe, ƙarin kwalta asarar kuɗi ce kawai, sai an tone.

Sai kuma lissafin nauyi, wanda a ganina aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkuwa kusan sau 16. Ke nan tirela ɗaya da aka danƙara wa albasa zuwa kasuwar Mile 12 ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya, kuma 'yan uwanmu masu lodi su ma suna da nasu kason na laifi. Yawan tireloli da tankoki ne ya sa na ga hikimar zuba kankare a hanyar Apapa zuwa Oshodi, ko da yake kankaren ma ba ya jure magudanar ruwa da ta toshe.

Zan so a riƙa rubuta kaurin kowane shimfiɗi da yawan shekarun da aka tsara titi ya yi a jikin allon kwangila, yadda mazauna unguwa za su iya zuwa da abin awo tun kwaltar tana da zafi.