'Yar jiha a Texas, baƙo a inda aka binne cibiyarsa

Shekara 11 ke nan da muka sauka a Houston. A Kaduna aka haifi 'yata, amma da ta zo neman gurbin karatun likita bara, jihar Texas ta lissafa ta cikin 'ya'yanta. An tambaye ta takardun zama, da inda ta gama sakandare, da tsawon zamanmu a jihar. Babu wanda ya tambayi garin kakanta.

Wannan lissafi ba ƙaramar alfarma ba ce. Doka ta ce makarantun likitanci na gwamnatin Texas ba za su ba 'yan wasu jihohi sama da kashi 10 cikin 100 na gurabensu ba. Makarantar likitanci ta Brody da ke jihar North Carolina kuwa 'yan jihar kaɗai take ɗauka. Jami'ar Washington tana da wani tsari tun 1971 da ake kira WWAMI, inda take ware gurabe ga jihohin Alaska da Montana da Idaho, daga baya Wyoming ta shigo.

Na ga zafin abin da idona. Ɗan wani aminina da ke zaune a wata jiha ya fi 'yata maki a jarrabawar MCAT ta shiga makarantar likitanci, bai samu ko kiran ganawa daga nan ba. Da uban ya kira ni, muryarsa a dushe, sai da na rasa abin faɗa. Duk da haka ban ga zalunci a tsarin ba. Kuɗin harajin mazauna jiha ne ke riƙe makarantar, kuma wanda ya tashi a wuri ya fi yiwuwa ya zauna ya duba marasa lafiyar wurin. Sannan ƙofar ba a kulle take ba: idan yaron ya dawo Texas ya kafu, ya yi wata 12 yana aiki, zai iya zama ɗan jiha.

A gida ma muna da namu fifikon. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Ina goyon bayan wannan, ba na ɓoyewa. Duk wanda ya taɓa kai mai naƙuda babban asibitin wata ƙaramar hukuma a Arewa da tsakar dare, ya tarar likita ɗaya ne kuma ya tafi gida, ya san dalilin da ya sa dole mu horar da namu.

Inda muka kuskure shi ne ma'aunin. Mu ba zama muke dubawa ba, asali muke tonowa. Ɗan ƙanwata a wani birnin Kudu aka haife shi, a can aka haifi ubansa, shagon gidansu ya haura shekara 50 yana biyan kuɗin shiga. Da ya je karɓar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, sai jami'in ya dubi sunansa ya ce, "Malam, je garinku." Ya hau mota ya tafi garin kakansa, inda bai taɓa kwana ba. Can kuma dagaci ya ce bai san gidansu ba, sai ya kawo dattawan da za su shaide shi. Kafin a kammala, an rufe ɗaukar ɗalibai. Haka muke yi wa ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda Hausarsa ta fi ta 'ya'yana, kada mu ce mu kaɗai ake cuta.

Kuma me asalin yake saya mana? Wanda ya shiga da takardar ƙauyen kakansa, da ya gama sai Saudiyya ko Ingila, ƙauyen bai taɓa ganin farar rigarsa ba. Da ni za a tambaya, a bar kason yanki yadda yake, amma a auna shi da inda yaro ya yi firamare da sakandare, a kuma ɗaure gurbin da sharaɗin yin aiki na wasu shekaru a asibitocin jihar. Ɗan ƙanwata dai yanzu yana tsaron shagon babansa, zai sake zana JAMB karo na uku.