Komawa ofis: haɗin kai ake nema, ko kora da hali ce?

A watan Satumban 2024 shugaban kamfanin Amazon, Andy Jassy, ya sanar da ma'aikatan ofis cewa daga Janairun 2025 za su riƙa zuwa kwana biyar a mako, maimakon ukun da aka saba. Bankin JPMorgan ma ya bi sahu daga watan Maris. Hujjar shugabannin kusan iri ɗaya ce: zama wuri guda yana ƙarfafa haɗin kai, kuma sabon ɗauka ya fi saurin ƙwarewa idan yana ganin yadda na gaba da shi ke aiki. Ban raina wannan hujja ba, domin akwai abin da ake koya a tambayar minti biyu a bakin tebur wanda taron bidiyo ba ya bayarwa.

Amma ma'aikata da yawa suna cewa kora da hali ce. A ganinsu, kamfanin da ke son rage mutane ba tare da biyan kuɗin sallama ba, sai ya tsaurara sharaɗi har wanda ya yi ƙaura zuwa gari mai nisa lokacin korona, ko uwar da ba ta da mai riƙe mata yaro, su ajiye aiki da kansu. Jassy ya musanta wannan zargi. Sai dai biri ya yi kama da mutum, domin a Nuwamban 2024 Elon Musk da Vivek Ramaswamy, attajiran da Donald Trump ya ɗora wa aikin rage kashe kuɗin gwamnati a lokacin, sun rubuta ƙarara a jaridar Wall Street Journal cewa tilasta wa ma'aikatan gwamnatin Amurka zuwa ofis kwana biyar zai sa da yawa su yi murabus, kuma suna maraba da hakan. Wanda ya karanta wannan, da wuya ya sake yarda cewa maganar al'adar aiki ce kawai.

Wasu kuma suna cewa dalilin dawo da ma'aikata shi ne hayar manyan gine-gine da aka riga aka sa wa hannu ta shekaru. Wannan bai gamsar da ni sosai ba, tun da cika kujeru ba ya rage kuɗin haya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin shaida. Binciken da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokansa suka wallafa a mujallar Nature a 2024, kan ma'aikata kimanin 1,600 na kamfanin Trip.com na ƙasar Sin, ya nuna cewa aikin kwana biyu daga gida bai rage ƙwazo ba, kuma masu barin aiki sun ragu da kashi ɗaya bisa uku. Kamfanonin da ke ƙirga sau nawa ma'aikaci ya goga katinsa a ƙofa ba su rasa hanyar auna ƙwazo ba. Da alƙaluman sun goyi bayansu, ina jin da tuni sun baje su a gaban ma'aikacin da ya yi awa guda a hanya, ya iso ofis, ya sa abin sauraro a kunne, ya shiga taron Zoom da abokan aikin da ke wani gari.