Garanti daban, haƙƙin mai saye daban

Wani labari ya ce wanda ya sayi waya ko talabijin ta ba da matsala ya nemi kamfanin da ya ƙera ta. Nan akwai gyara. Da mai shago kuka yi ciniki, shi za ka fara tunkara, garantin kamfani ƙari ne. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai lahani ya karɓi kuɗinsa duka. A Tarayyar Turai kuwa, alhakin lahanin asali na wuyan mai sayarwa aƙalla shekara 2.

Inda aka fi faɗuwa shi ne hujja. Ka tabbata an rubuta lambar na'urar a rasidi. Idan waya ce, danna *#06# ka ga IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada da na jikin kwali. Matsalar da ke zuwa tana tafiya, kamar allo ya ɗauke ko caji ya tsaya, ɗauke ta a bidiyo, don abin haushi, a gaban mai shago sai na'ura ta yi lafiya lau.

Kada ka bari mai gyara ya buɗe ta. Mai shago ko kamfani suna ganin an taɓa hatimi sun samu mafita. Haka 'yar alamar nan, sau da yawa a ramin sim, da ke komawa ja idan ruwa ya shiga.

Kafin ka miƙa na'urar ga mai shago, kwashe bayananka, fita daga asusun Google ko Apple, ka karɓi takarda mai kwanan wata da ta faɗi lahanin da duk karcen da ke jikinta.